Amsa ga Malamar da aka ba makarantarsu injin walda

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni na rubuta ta shekara bakwai da suka wuce. Kin ce an ba makarantarku injin walda na MIG, wato mai turo wayar walda da kansa ta cikin tiyo tare da gas mai lulluɓe wurin, kina da yara goma sha huɗu a ƙungiyar haɗa mutum-mutumin inji (robot) don shiga gasa, ke ba ki taɓa yin walda ba, kuma kina so su haɗa firam ɗin bana, wato ƙashin jikin mutum-mutumin, da hannunsu in Janairu ta zo. Sannan kika ce akwai mahaifin wani ɗalibi da ya ce zai riƙa zuwa yana koya musu. To wannan na ƙarshen ne ya hana ni wucewa, don ni ma ta nan aka ci ni.

Namu mutumin ya fi shekara ashirin yana waldar baƙin ƙarfe, ba na musun ya iya aikinsa. Ranar da ya zo na ji kamar an sauke mini dutse daga kai. Na miƙa masa ɗakin aiki, na miƙa masa yara, na koma gefe ina cike takardu. Hulunan walda uku gare mu a lokacin, yara kuwa goma sha ɗaya, babu labulen kare haske ko ɗaya. Sai ya ce su matso su gani, wai duk wanda ba shi da hula ya riƙa kawar da kai in an ɗana. Ina tsaye na ji ya faɗa, ban ce uffan ba, don na ɗauka shi ya sani.

Akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ba, 'yar shekara goma sha biyar, ita ce ta fi kowa son aikin. Ita ta riƙe masa bututun da yake haɗawa, kusan sa'a guda tana kawar da kai tana juyowa. Aka tashi lafiya lau, har tana dariya. Ƙarfe biyun dare mahaifiyarta ta kira ni. Ina jin kukan yarinyar ta cikin waya, tana cewa an zuba mata yashi a ido, ba ta iya buɗewa, ko hasken waya ba ta so. Malama, har yau in wayata ta yi ƙara cikin dare sai gabana ya faɗi. Na same su a asibiti, ina zaune a benci kamar wanda ya yi kisa, uwar ba ta zage ni ba, kallona kawai take yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Likita ya ce hasken waldar ne ya ƙona fatar saman ido, kuma haka abin yake, ba ya nuna kansa nan take, sai bayan sa'a shida zuwa goma sha biyu. Cikin kwana biyu idon ya warke sarai. Amma ba ta ƙara taka ɗakin aikinmu ba. Na je na ba iyayenta haƙuri, suka ce ba komai, amma ita ta gama.

Da na gaya wa mutumin, kin san abin da ya ce? Wai duk mai walda sai ya sha wannan, shi ma ya sha ya fi sau goma. Ko ya jikinta bai tambaya ba.

Kuma duk da haka ban sallame shi ba, wannan kam laifina ne, don lokaci ya ƙure kuma ba ni da wani. Firam ɗinmu na alminiyam ne, bututun 6061-T6 irin wanda kowa ke amfani da shi, mai kaurin bango milimita 1.6. Daren farko ya sa wayar alminiyam amma ya bar tukunyar gas ɗin baƙin ƙarfe, wato mai agon kashi 75 da kabon-dayoksaid kashi 25. Waldar ta fito baƙi ƙirin, duk toka, wayar kuma sai cukurkuɗewa take a cikin tiyo don ta yi laushi da yawa. Ya ce injin ne ba shi da kyau. Sai da wani ɗalibi ya karanto mana cewa alminiyam zallar agon yake so, sannan ya yarda, yana ƙunƙuni. Da ya gama sai ya ɗauki injin gurza ya goge kowace walda ta yi sumul daidai da bututun, wai don ta yi kyau a ido. Ni kuwa har hoto na ɗauka ina yabawa. Yaran ko sau ɗaya bai bar su sun riƙe bakin waldar ba, su da aka ce za a koya wa.

A wasanmu na uku aka ɗan buge mu a kusurwa, bugun da bai kai ya kawo ba, sai firam ya tsage, ƙafar gaba ta karkace, muka zauna a tsakiyar fili har minti biyu da rabi suka cika. Yaron da ke tuƙi ya fito hannunsa na rawa. Da muka dawo, mutumin nan ya riga ni zuwa wajen shugaban makaranta, ya ce ni na sayo ƙarfe marar kyau, yaran kuma ba su iya tuƙi ba. Aka kira ni ofis, aka sa na rubuta bayani a kan kuɗin kayan, aka haɗa da maganar idon yarinyar, duk a kaina. Shi kuwa a taron ƙarshen shekara aka ba shi takardar yabo. Ina zaune a layi na biyu na tafa masa. Na yafe, amma ban manta ba.

Daga baya na gane abin da ya faru. Wancan T6 ɗin da ke jikin sunan yana nufin an gasa ƙarfen ne ta wata hanya har ya yi ƙarfi. Zafin walda yana warware wannan gashin a gefe da gefen ɗinkin, ƙarfin wurin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har kusan rabi. Shi ya sa in kika duba za ki ga ba tsakiyar waldar ke tsagewa ba, gefenta ne. Ga shi kuma ya goge ɗan naman da zai taimaka. Alminiyam mugun munafuki ne a wajen mai koyo. Yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma ɓawon da ke samansa sai ya haura digiri 2,000 kafin ya narke, kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe ya gargaɗe ka. Kana cikin jira sai kawai ka ga rami.

Saboda haka Malama, don girman Allah kada firam ɗin gasa ya zama allon koyon yara. Bana ku haɗa shi da ribit da faranti a kusurwoyi da noti, babu abin kunya a ciki, manyan ƙungiyoyi da yawa haka suke yi, kuma in ya lalace a wurin gasa cikin minti goma kun huda kun sake. Waldar ku fara ta a kan guntayen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, shi MIG ɗinku ya fi so, shi ne kuma ke yafe kuskure. Su fara da jan layi a kan faranti, layi bayan layi har ya ishe su, sannan a ɗora ɗaya kan ɗaya, sannan haɗin kusurwa. Abin da ya fi canja mana komai shi ne fasawa. Duk wanda ya yi walda sai ya matse ta a kan teburi ya sa guduma ya lanƙwasa ta har ta karye, a taru a duba cikin. Nan yaro zai ga da idonsa cewa waldar da ta hau sama kamar tsutsa ba ta ci ƙarfen ba, zaune kawai take a kai. Babu yawan bayanin da zai koya masa wannan. Aikinsu na farko na gaske ya zama amalanken tura mutum-mutumin, ko teburin aiki, ko kwaikwayon kayan fili da za ku yi atisaye da su. In waɗannan sun karye babu mai kuka.

Ke ma ki koya. Na san za ki ce ba ki da lokaci, ni ma haka na ce. Ba sai kin ƙware ba, ki dai kai inda za ki ji ƙarar injin ki san ko daidai yake, ki kalli ɗinki ki ce wannan bai ci ba. Da na san ko da wannan ɗan kaɗan ɗin da ba a yi mini abin da aka yi mini ba. Shi kuma mahaifin nan, wataƙila mutumin kirki ne, kada mugun abin da na gani ya sa ki zarge shi. Amma ki ba shi guntun bututunku ya yi walda a gabanki, ku fasa ta tare. Ki kuma gaya masa tun ranar farko, cikin ladabi, cewa hannun yara ne zai riƙe bakin waldar, nasa hannun a baya. In ya ɓata rai a kan wannan, kin samu amsarki da wuri.

Labule kafin komai. Ko wayar walda ba za ki saya ba sai kin sayi labulen walda kin kewaye wurin, kuma duk wanda ya shiga ciki da hularsa, mai duhun lamba 10 ko sama, har da mai riƙewa, har da mai kallo, har da ke. Tabaran kariya a ƙarƙashin hular, saboda lokacin gurza. Mu yanzu biyu kawai ke shiga tare da babba ɗaya, kuma mai walda sai ya ɗaga murya ya ce a rufe ido kafin ya ɗana. Rigar leda ko ta wasanni ba ta shiga, tana narkewa ta manne a fata, auduga kawai. Mai dogon gashi ko mayafi mai lilo a ɗaure a cusa cikin rigar fata. Ƙarfe mai rufin tutiya, wannan mai ƙyalli, kada ya shigo ɗakin ma, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. Kada kuma a goge ƙarfe da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, in wutar walda ta same shi yana iya zama iskar fosjin, guba ce mai kisa. Asiton, wato sinadarin goge maiƙo, ya isa, shi ma a bari ya bushe a kai kwalbar nesa. In an gama wani ya zauna aƙalla rabin sa'a yana dubawa, don tartsatsi kan ɓuya a cikin tsumma ya yi ta ci a hankali.

Af, kada ki zaɓi masu walda da girman jiki. Na yi wannan wautar, na ɗauko manyan samari biyu masu surutu. Wanda ya fi kowa iyawa a ƙarshe wani siririn yaro ne da ba ya magana, mai zane-zane a bayan littafinsa, hannunsa ba ya rawa. Wani kuma mun yi wata guda muna faɗa da shi waldarsa na karkacewa daga layi, ashe ba ya ganin narkakken wurin ne, tabarau yake buƙata, iyayensa ma ba su sani ba. Ki ba kowa dama sau biyu ko uku, sannan ki riƙe uku ko huɗu, kuma lallai a samu 'yan ƙananan aji a ciki, in ba haka ba shekara biyu duk sun gama sun tafi da iyawarsu. Haka ta faru da mu a 2021, muka koma farko.

In kuma kun kai ga alminiyam, wataƙila baɗi, wani injin walda daban za ki nema, wanda ake kira TIG, mai wutar AC, da sandar cike ɗinki mai lamba 4043 ko 5356, da burushin waya na ƙarfen da ba ya tsatsa wanda ba a taɓa goga shi a kan wani ƙarfe ba. Ki rubuta masa suna ki ɓoye, yara za su ɗauka su goge komai da shi. A ɗan ɗiga walda a kowace kusurwa tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a ga ya yi daidai, sannan a riƙa tsallakawa gefe zuwa gefe, don zafi na jan ƙarfe ya murɗe. Kuma kada a taɓa ɗana wuta a jikin mutum-mutumi da batir da kayan lantarki a kai, a cire su duka.

Yarinyar nan na haɗu da ita bara, ta gama jami'a, lissafin kuɗi ta karanta. Ta gaishe ni da fara'a, har ta tambayi ƙungiya. Na so in ce mata wani abu, na rasa.

Ki ɗauko hoton farantin bayanan da ke jikin injin naku ki saka a nan, da na tukunyar gas ɗin da aka haɗo muku, in duba ko za su yi da juna. Ki kuma faɗa mana huluna nawa gare ku.