Dutsen Kwatarkwashi ba aman wuta ba ne

Ƙanena, ka tambaya ko Dutsen Kwatarkwashi aman wuta ne ya taɓa yinsa, kuma ko ƙyalƙyalin da ake gani a jikinsa zinare ne. Na ga 'yan'uwa da yawa sun ba ka amsa da e. Ni dai na karanta ilimin duwatsu, na kuma daɗe ina bin motar haƙa rijiyar burtsatse daga Gusau zuwa Anka, har Zuru da Birnin Kebbi. Bari in faɗi abin da na sani.

Wannan dutse bai taɓa fitowa saman ƙasa yana narke ba. Giranit ne, kuma a can cikin ƙasa ya daskare, zurfin kilomita masu yawa. Shaidar tana jikinsa. In ka je, ka fasa ɗan guntu ka duba: za ka ga ƙwayoyi manya-manya da ido, wasu fari kamar gilashi, wasu ja-ja, wasu baƙi masu sheƙi. Narkakken dutse in ya zubo waje iska ta buge shi, nan da nan yake sandarewa, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma. Wanda ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa shi ke yin manyan ƙwayoyi. Kamar tuwo ne a cikin kula da wanda aka bari a faranti lokacin hunturu.

To me ya narkar da shi? Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohon ɓawon ƙasa na Afirka ta Yamma ya yi karo da wanda ke gabas da shi. Ƙasa ta naɗe, tsaunuka suka tashi, duwatsun da ke ƙarƙashinsu suka sha zafi da matsi. Wasu suka canza kama ba tare da sun narke ba. Su ne wannan dutse mai zane-zane fari da baƙi da ake gani a gindin rafuka in rani ya yi, da kuma mai ɓarewa falle-falle na wajen Maru da Anka. Wasu kuwa suka narke, domin in akwai ruwa a jikin dutse, zafin digiri 650 zuwa 700 ya isa ya fara narkar da shi. Narkakken ya fi na kewaye da shi sauƙin nauyi, sai ya taso ya kutsa cikinsu ya tsaya. Tsaunukan nan ruwa da iska sun cinye su tuni. Abin da muke kallo yau daga hanyar Funtuwa saiwarsu ce da ta fi ƙarfin zaizaya. Tun 1911 wani Bature mai suna Falconer ya sa wa irin waɗannan duwatsu suna tsofaffin giranit, don a bambanta su da na Jos masu kuza, waɗanda suka zo bayansu da nisa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne sinadaran. In aka niƙa irin wannan dutse aka auna, silika kan kai kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, fotasiyam kuma da yawa, shi ke cikin jajayen ƙwayoyin nan. Ƙarfe da magniziyam kaɗan ne, shi ya sa launinsa ke da haske. Daga awon ake gane uwar da ta haife shi. In laka da yashin tsohon teku ne suka narke, alminiyam yakan yi yawa, sai ka ga farar maika mai ɓarewa kamar leda. In kuwa wani tsohon daskararren dutse ne ya sake narkewa, baƙaƙen ƙwayoyi ke rinjaye. Shekarunsa kuma ba ƙiyasi ba ne. Akwai wata 'yar ƙwaya, zirkon, ƙanƙanuwa ƙwarai, mai riƙe yuraniyam, shi kuma yana rikiɗewa ya koma dalma da gudun da aka sani. A auna na farko, a auna na biyu, lissafi ya fito. Wallahi har yau in na tuna wannan sai in ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Batun zinare, nan nake so ka saurare ni da kyau. Ƙyallin nan maika ce, in ta sha ruwa da rana sai ta koma ruwan ɗorawa. Ka murza ta da farce, za ta dagargaje, zinare kuwa lanƙwasa yake yi. Na san wani bawan Allah da ya sayar da shanunsa biyu ya ɗauki 'yan haƙa saboda wannan ƙyalli, ya zo mini da samfur a leda bayan kuɗin sun ƙare. Har yanzu abin yana damuna, da ya zo tun farko da minti biyar ya ishe mu. Zinaren Zamfara da na Yawuri galibi yana cikin jijiyoyin farar ƙanƙara da suka cike tsagar ƙasa a cikin duwatsun nan masu falle-falle, inda ruwan zafi ya bi ya ajiye shi. Akan samu wasu jijiyoyin a gefen giranit, amma cikin dutsen kansa ba wurin nema ba ne.

Kuma jijiyar da ke ɗauke da zinare wani lokaci tana ɗauke da dalma. Abin da ya faru a Bagega da Dareta da 'Yargalma ke nan a 2010, aka riƙa niƙa dutse cikin gida, gubar dalmar ta kashe yara wajen 400. Don Allah ko guntu ɗaya kada ka kai gida ka daka.

Wani ya tambaya a ƙasan rubutunka dalilin da burtsatse ke wuya a wajenmu. Shi ma dutsen ne. Giranit ba ya shan ruwa, sai inda ya ruɓe a sama ko ya tsage, saɓanin Birnin Kebbi da Argungu inda yashi ne a shimfiɗe mai riƙe ruwa. Shi ya sa a Gusau maƙwabcinka zai samu ruwa, kai ka haƙa kusa da katangarsa ka fitar da ƙura zalla. A yi awon ƙasa kafin a kira mota.