Ragowar man ja da aka gama suya da shi zai yi man gas?

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya ko man ja da masu abinci suka gama suya da shi zai iya tayar da injin niƙa. Zai tayar in ka fara sarrafa shi ya koma man gas, shekara uku ke nan ina zuba wa injina ƙirar Lista, amma bari ka ji inda na sha ƙasa.

Karon farko lissafin da ke bakin kowa na bi: lita 1 ta mai, mililita 200 na methanol (wani sinadari mai kama da sifirit, mai guba), giram 3.5 na kostik soda irin ta masu sabulu. Don zumuɗi lita 20 na haɗa tashi ɗaya. Gari na wayewa na tarar da wani abu kirtif kamar talgen da ya kwana. Ashe sabulu na yi! Giram 3.5 ɗin nan na sabon mai ne tatacce. Man ja kuwa tun daga wurin matsa yake da asid, kuma duk suyar da ya sha asid ɗin ƙaruwa yake yi, sai ya cinye sodar.

Saboda haka kada ka haɗa sai ka gwada, kuma kowace jarka da gwajinta. Narka giram 1 na soda a lita 1 ta ruwa mai tsabta. A wani kofi ka zuba mililita 1 na man cikin mililita 10 na isopropyl (wani irin sifirit), ka barbaɗa garin kurkum ɗan kaɗan. Riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji kana kaɗawa har launin ya juya ja ya zauna. Kowace mililita da ta shiga, ƙarin giram 1 ke nan na soda a kan giram 3.5 ɗin, a kowace lita ta mai. Ni in ya wuce mililita 4 ba na wahalar da kaina, maƙwabciyarmu mai sabulu nake kai wa.

Sai ruwa, shi ne ɗaya mugun. Tace man, ka dafa shi har ya daina tartsatsi, ka bari ya sauko wajen digiri 55. Kada ya kai 65, a nan methanol ke tafasa ya gudu. Sodar a cikin methanol za ka fara narkar da ita, a jarkar roba mai kauri, ban da tukunyar dalma domin soda na cin ta. Ka juye a man, ka juya awa guda, ya kwana. Gilisarin, wato dattin haɗin, zai kwanta baƙi a ƙasa, man gas ɗinka yana sama. Wanke shi da ruwan ɗumi a hankali har ruwan ya fito garau, sannan ka busar.

Don Allah a fili za ka yi, nesa da murhu da yara, da safar hannu da tabarau. Methanol na makantarwa, kuma ta fata ma yana shiga.

Da hunturu na koyi sauran karatun. Man gas na man ja yana fara daskarewa tun wajen digiri 15, wata asuba a watan Janairu injin ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga. Yanzu lokacin sanyi rabi da rabi nake gaurayawa da gas. Ka ajiye filta ta canji, don man zai kwaso tsohon dattin tanki, kuma yana lalata tsohon tiyon roba. Janareta mai fetur kuwa ko kusa.

Kafin ka tara jarkoki, fara jin kuɗin methanol a garinku, ka gwada da lita 1 a kwalba.