Ƙanena ya ƙi hawa keken guragu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata 4 ke nan da ƙanena ya yi hatsarin mota, lakarsa ta samu rauni, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, ba ya jin taɓawa. An sallame mu, amma ya ce ba zai hau keke ba sai ƙafafunsa sun dawo. Mu ƙyale shi ya jira?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. 'Yar'uwa, kada ku bar shi a kwance. Mafi yawan sauƙin da ake samu bayan raunin laka yakan zo ne cikin wata 6 na farko, wani kuma ya ci gaba a hankali har shekara 2, amma jiran da ake yi a kan gado yana lalata jikin da ake fatan ya warke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyambon kwanciya. Tun da ba ya jin zafi, fatar ɗuwawu da ƙugu da dunduniya za ta iya mutuwa a ƙarƙashin nauyinsa ba tare da ya sani ba. Ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, ku duba fatarsa safe da yamma, kuma duk inda kuka ga ya yi duhu ko tauri ko ɗumi, a ɗauke masa nauyi nan take. In yana kan keke, ya riƙa dafa hannu yana ɗaga jikinsa duk minti 15 zuwa 30.

Sai mafitsara. Ma'aikatan jinya su koya masa zura robar fitsari da hannu mai tsabta, galibi duk awa 4 zuwa 6, domin fitsarin da ya taru yana kai cuta ƙoda. Zazzaɓi ko fitsari mai wari, a garzaya asibiti.

Likitan motsa jiki zai nuna muku lanƙwasa gwiwa da idon sawu kullum don kada su ƙage, ya kuma ƙarfafa masa kafaɗu har ya iya sauka daga gado zuwa keke da kansa. A kan wannan tafarki Dakta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, kuma gasar harbin kibiya da ya shirya wa majinyatansa a 1948 ce ta haifi wasannin nakasassu na duniya.

Game da ƙin keken, kada ku yi masa faɗa, baƙin ciki ne. Ku nemo wanda ya daɗe a kan keke yana sana'arsa, ya zo su zauna su biyu.