Ƙwari sun huda akwatin tsohon injin finbol: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon injin wasan finbol (wanda ake buga ƙaramin ƙwallon ƙarfe a kan faifai ƙarƙashin gilashi) ƙirar kamfanin Gottlieb na wajen 1975, cikin kayan gwanjo da aka kawo daga Turai. Na ga ƙananan huji birjik a jikin akwatin katakon, musamman wajen ƙafafu, ga gari-gari a ƙasa. In fesa masa maganin ƙwari, ko akwatin ya tashi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fesa komai tukuna. Hujin da kake gani ƙofar fita ce. Tsutsar ƙwaron katako takan yi shekara 2 zuwa 5 tana cin katako daga ciki, sai ta zama ƙwaro ta huda ta fice. Ke nan yana yiwuwa ɓarnar tsohuwa ce, babu mai rai a ciki. Share garin tas, ka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ka liƙa takarda a kan wasu hujin, ka jira 'yan makonni. Idan sabon gari mai haske ya zubo, ko aka huda takardar, to suna nan. A Turai daga Mayu zuwa Agusta suke fitowa, don haka shirun wata guda ba ya wanke akwatin.

Murza garin da yatsa. Mai tsaki-tsaki, da huji na milimita 1 zuwa 2, aikin ƙwaron kujeru ne na Turai. Mai laushi kamar fulawa na wani dangin ne da ke son katako mai sitaci. In kuwa ka ga hanyar laka a jikin katakon, gara ce, kuma a nan gida ta same shi.

Idan ka tabbatar suna da rai, sai ka kwashe kayan ciki. Ɗauki hoton kowace waya kafin ka cire ta. Fitar da gilashin sama, da faifan wasan, da allon ƙasa mai ɗauke da tiransifoma da sauran na'urori, sannan gilashi mai zane da ke tsaye a kan injin. Wannan na ƙarshe ka lallaɓa shi, domin fentin yana bayansa ne, zafi ko sanyi mai tsanani yana sa shi ɓarewa, kuma samun irinsa wahala ne. Maganin ƙwari idan ya taɓa bakin makunnan lantarki yana barin maiƙo da ke kama ƙura, wuta ta daina wucewa.

Akwatin filawud ne mai kaurin kusan milimita 19, kuma cikinsa galibi ba fenti, don haka ta ciki za ka yi aikin. Samu maganin katako mai sinadarin fametirin, ka shafa da burushi sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu, sannan ka ɗura shi cikin kowane huji da sirinji. Akwai kuma hodar boret, gram 100 a lita ɗaya ta ruwa. Ba ta da wari, sai dai ruwa yana kumbura tsohon filawud ya raba shi falle-falle, shi ya sa na fi son na farkon a nan. Ta waje ka tsaya ga sirinji kawai, ka goge abin da ya tsiyayo nan take, don yana iya cin fentin asali. Yi aikin a fili, da safar hannu da takunkumi.

Zafi ma yana kashe su, muddin tsakiyar katakon ya kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30. Amma shanya a rana ba ta da tabbas, kuma tana koɗar da fenti. Baƙin mai da kananzir su ɓata katakon ne kawai. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi kuwa, kada ta shigo gida sam. Iskarta tana kashe mutane.

Sauran aikin na kusurwoyi ne. Injin ya haura kilo 100, kuma duk nauyin yana kan kusoshin ƙafafu, biyu a kowace kusurwa, ga jijjigar masu wasa. Danna bakin sukuddireba a wurin. In ya ɗan lotsa, ɗura masa gam ɗin ifoksi mai ruwa-ruwa har katakon ya ƙoshi. In ya nutse kamar cikin burodi, gam ba zai riƙe ba. Kafinta ya yanke wurin ya sa sabon katako, ya ƙara tokari ta ciki. Ƙasan akwatin siriri ne, sauya shi ya fi sauƙi.

Kada ka toshe hujin sai bayan shekara guda ba sabon gari, sannan ka cike su da kakin da ya dace da launin. Ka guji goge fentin da samfefa, domin fentin wancan zamani yana iya ƙunsar dalma. Ajiye injin a ɗaki busasshe, nesa da bango. Katakon da danshinsa bai kai kashi 12 cikin ɗari ba yana yi wa tsutsar wuyar rayuwa.