Tambaya da Amsa: Taswirorin ɗalibaina sun ƙi hawa kan juna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da zanen gine-gine da tsara birane. Duk zango nakan raba ɗalibai rukuni-rukuni su tattaro bayanan fili ɗaya, wasu hanyoyi, wasu magudanan ruwa, wasu tudu da gangare. Ranar haɗawa sai a ga titi ya ratsa tsakiyar gini, wani fayil ɗin ma ya ƙi buɗewa. Da sun kammala kuma sai su tafi da komai a kwamfutocinsu, na bayansu su sake daga tushe. Ina mafita? Wata malama

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Tun kafin ɗalibi ya taka filin ake samun wannan tangarɗar, don haka tun a aji za ki tare ta.

Ranar farko ki tsayar da ma'auni guda, wato tsarin lambobin da ke nuna wuri a taswira, ki rubuta lambarsa a allo. GPS na waya yana ba da wuri ne da digiri, bisa tsarin WGS 84 mai lamba EPSG:4326, alhali mai zane mita yake so. Shi ya sa ake komawa UTM, tsarin da ke ba da wuri da mita, wanda ya yanka duniya shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6. Ki nemo shiyyar da filinku ya faɗa, kowa ya yi aiki da ita. Hoton bangon da suke jawowa daga intanet kuwa yawanci a tsarin Web Mercator yake, wanda ke kumbura girman abu gwargwadon nisansa daga ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa. A kalle shi, amma kada a auna fili da shi.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani wurin masu zane. Ɗalibi ya shigar da taswira cikin manhajar zane ta AutoCAD, ya ga lambobin wurin dogaye har sun kai miliyoyi, sai ya kama zanen ya ja shi zuwa 0,0, inda lambobin suke farawa, don ya ji daɗin aiki. Shi ke nan, ya raba zanen da wurinsa a doron ƙasa. Wani kuma da milimita yake zane, taswira tana mita, gininsa ya fito ninki dubu. Ki hana jan nan tun farko, hani mai ƙarfi.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa, ina kyautata zaton shapefile ne, wani nau'in fayil na taswira. Shi ba ya tafiya shi kaɗai: dole .shp ya zo tare da .shx da .dbf, kuma in babu .prj manhaja ba za ta san ma'aunin da aka yi amfani da shi ba. Ga shi yana datse sunan kowane ginshiƙi na jadawalin bayanai a harafi 10. Ni dai GeoPackage nake zaɓa, wanda ƙungiyar OGC mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira ta amince da shi a 2014. Fayil ɗaya tal, ya ɗauke hanyoyi da magudanai da ma'auninsu, kuma manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, tana buɗe shi ba gardama.

Batun ajiya shi ya fi damuna, don gumin ɗalibai ne yake salwanta duk shekara. A buɗe ma'ajiya da sunan sashe, ba da sunan wani ɗalibi ko malami ba. Ɗanyen bayani ya zauna a folda wadda ake kwafa daga ciki amma ba a gyarawa. Kowane fayil ya zo da 'yar takarda: wa ya tattaro, yaushe, da wace na'ura, daga ina, wane lasisi. Ba ƙaramin amfani take yi ba. Bayanan tudu na SRTM da aka auna daga sararin samaniya, alal misali, a Fabrairun 2000 aka ɗauke su, kuma kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar kusan mita 30. Sun isa nazarin unguwa, ba su isa tsara magudanar gida ɗaya ba, kuma wanda bai ga takardar ba ba zai sani ba. Abin da aka ɗebo daga taswirar intanet ta OpenStreetMap ma lasisinsa na ODbL ya wajabta a ambaci tushensa a jikin zane.

Ki ware wa takardar nan maki, in ba haka ba babu mai rubuta ta. Kafin a raba wa wani a waje kuma, a goge sunaye da lambobin wayar mazauna wurin da aka yi hira da su.