Dattijon da bai taɓa cin abinci da wasa ba, me ya sa garinsu ya karrama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyon bikin karrama wani dattijo a ƙaramin garin da yake zaune. Wai tun yana saurayi yake wasan bolin, amma bai taɓa zama ƙwararren da ake biya ba, ma'aikaci ne har ya yi ritaya. To me aka gani a wurinsa? Na tambaya ne don a unguwarmu ta Tudun Wada a Gombe muna da dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan teburin tanis, ya koya wa yara da yawa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sai ka san yadda ake ƙirga maki a wasan nan kafin ka gane darajar mutumin.

Bolin wasa ne na mirgina ƙwallo mai nauyi, wadda ba ta wuce kilo 7.26, a kan wani dogon layi mai santsi, don a kayar da sanduna 10 masu siffar kwalba da ke tsaye ƙafa 60 daga inda aka saki ƙwallon. Wasa ɗaya zagaye 10 ne, kowane zagaye jifa biyu. Wanda ya kwashe goman a jifan farko ya samu maki 10, a ƙara masa da abin da ya samu a jifa biyu masu zuwa. In sai a jifa na biyu ya ƙarasa su, jifa ɗaya ake ƙara masa. Ƙurewar maki 300 ne, kuma ba a kai wa nan sai an kwashe duka sau 12 a jere, domin wanda ya kwashe duka a zagaye na goma ana ba shi ƙarin jifa biyu. Mutum kan shekara talatin yana wasa bai taɓa gani ba.

Ƙwararru masu neman kuɗi suna da ƙungiyarsu, PBA, da aka kafa a 1958. Su 'yan tsiraru ne. Ƙashin bayan wasan shi ne lig na unguwa: direbobi, malaman makaranta, ma'aikatan masana'anta, suna haɗuwa dare ɗaya a mako, kowa ya yi wasa uku, a yi ta yi wata da watanni. Ƙungiyar ABC, wadda aka kafa a birnin New York a 1895, ita ta daidaita dokoki, ta mata ta biyo baya a 1916, sannan suka narke cikin USBC, hukumar bolin ta Amurka, a 2005.

Ga inda amsarka take. Kowane lig yana da sakatare, kuma ba makin da yake faɗuwa ƙasa. Daga takardun nan ake fitar da matsakaicin makin kowane ɗan wasa, lambar da ke bin sa shekara da shekaru. Wanda ya riƙe 200 ya cika gwani. Da wannan lamba ake yi wa mai rauni ƙari, kamar gyaran da mai awo ke yi a kasuwa. A ce lig ya ɗauki 220 a matsayin ma'auni, yana ba da kashi 90 cikin 100 na tazara: mai matsakaicin 150 zai shiga kowane wasa da maki 63 a hannu. Shi ya sa ɗan shekara 70 yake karawa da jikansa ba tare da an ce an yi masa alfarma ba, kuma shi ya sa mutane ba sa ajiye wasan don tsufa.

Ƙungiyoyin nan ba sa wasa da tantancewa. A 1982 Glenn Allison ya yi 300 sau uku a jere, jimla 900, amma ABC ta ƙi amincewa saboda yadda aka shafa wa layin mai. Man nan yana sauya tafiyar ƙwallo, wani tsarin shafawar yakan sauƙaƙa wasa ƙwarai. Sai a 1997 aka amince da 900 na farko, na Jeremy Sonnenfeld. Ni a ganina an ƙware Allison, amma tsaurin nan ne ya sa lambobinsu suke da daraja.

Babban zauren tunawa da gwarazan wasan yana Arlington a jihar Texas, amma rassan USBC na jihohi da garuruwa da dama suna da nasu. Galibi ƙofa biyu ake shiga: ta bajinta, wato kofuna da maki, da kuma ta hidima, ga wanda ya daɗe yana sakatare ko yana horar da yara. Dattijon bidiyonka ta ɗaya daga cikinsu ya shiga, ko ma duka biyun.

Mu ba karramawa muka rasa ba. Ɗan dambe yana da kirari, yana da makaɗi, akan naɗa masa sarauta. Rubutu ne rauninmu. Bauchi ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 2000, amma tambayi matashin da ke atisaye a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya lissafa maka mutum biyar da suka wakilci jihar, ka ji shiru.

Don haka kada ku fara da neman babban baƙo. Ku zauna da dattijon naku, ku rubuta gasannin da ya shiga da shekarunsu, ku ɗauki hoton takardun shaida da kofunan da suka rage, ku lissafa yaran da ya koyar da inda suke yanzu. Abin da takarda ta tabbatar ku ware shi daban da abin da shaidu suka faɗa. Sannan ku kai wa mai unguwa da ƙungiyar wasan teburin tanis ta jiha, ku nemi a sa wa gasar unguwa sunansa, ku kuma zaɓi sakataren da zai riƙa rubuta sakamakon kowane wasa tun daga ranar buɗewa.