Waƙoƙin Depeche Mode a bakin wasu mawaƙa: ta ina mai tarawa zai fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina tara waƙoƙin Depeche Mode, ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, da wasu mawaƙa suka sake rerawa. Na sayi faifan CD ta intanet, ga sunan ƙungiyar ɓaro-ɓaro a bango, amma da na kunna sai kiɗa zalla, babu murya. Yaya ake gane na kirki, kuma wanne zan fara nema? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, na karaoke aka sayar maka. 'Yan kasuwa kan haɗa kaya iri uku a ƙarƙashin suna ɗaya: kundin karramawa, inda mawaƙa daban-daban kowa ke ɗaukar waƙa guda ya rera da salonsa, na karaoke, sai na kwaikwayo, inda wani mawaƙin situdiyo da ba a ko rubuta sunansa ba yake ƙoƙarin yin muryar Dave Gahan, babban mawaƙin ƙungiyar. Bayan bangon faifan ne ke raba gardama. Na kirki, kowace waƙa da sunan wanda ya rera ta a gefenta, da na marubucinta: galibi Martin Gore, ko Vince Clarke in waƙar ta 1981 ce, kafin ya bar ƙungiyar.

Ka fara da For the Masses na 1998. A nan ne The Cure suka rera "World in My Eyes", Smashing Pumpkins "Never Let Me Down Again", Rammstein na Jamus kuma suka mayar da "Stripped" kamar rugugin aradu. Ba ya wuyar samu. Wanda zai sa ka zufa shi ne I Sometimes Wish I Was Famous, da kamfanin Energy Rekords na Suwidin ya fitar a 1991.

Sai dai mafi armashin maimaicin ba ya cikin irin waɗannan kundaye, yana warwatse ne a faya-fayan mawaƙan kansu. Johnny Cash ya rera "Personal Jesus" a 2002 da jita da fiyano, muryar tsufa na rawa. Marilyn Manson ya yi tasa a 2004. "Enjoy the Silence" kuwa Tori Amos ta rera ta a 2001, Lacuna Coil na Italiya a 2006. Shi ya sa gara ka tsara lissafinka waƙa-waƙa, ba kundi-kundi ba, in ba haka ba, za ka sayi abu ɗaya sau biyu.

Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya turo hoton cikin faifan. A zoben da ke kewaye da ramin tsakiya akwai ƙananan lambobin masana'anta. Ka gwada su da na Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayan waƙa. Lambar da ta fara da haruffan IFPI sai a 1994 aka soma buga ta, don haka faifan da aka ce maka bugun 1991 ne amma yana ɗauke da ita, bugun baya ne, kada ka biya kuɗin na farko. In kuma cikin ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore maimakon ruwan azurfa, a kwamfuta aka kwafe shi.

TAMBAYA: Faifan garmahona ya lanƙwashe. Zafi ne? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Zafi ne, ko jibgewa. Da roba ake yin sa, kuma wuni ɗaya a cikin mota ko kusa da taga ya isa ya tanƙwara shi; da wuya ya koma daidai. A jera faya-fayai a tsaye, kada a ɗora wani kan wani. Lokacin hunturu a sa kowanne cikin leda saboda ƙura. Shi kuma CD, daga tsakiya ake goge shi zuwa baki da ƙyalle mai laushi, ba a kewaye ba, kuma gefen rubutun ne ya fi saurin lalacewa, don waƙar na kwance dab da shi.